Bin sawun giɓin da ke cikin giraf ɗin Zabbix ɗinmu

Kamfanin da nake wa aiki yana da babban ofis ɗaya da rassa a wasu garuruwa. Duk na'urar da aiki ya rataya a wuyanta, daga rauta da suwic har sabobin lissafin kuɗi, manhajar Zabbix ce ke sa mata ido. Ba haya muke yi a wajen kowa ba. Manhajar tana zaune a kan sabarmu, a ɗakin saba na babban ofis, bayan fayawol ɗin kamfani. Masu gidan sun ce adireshin na'urorinsu da taswirar netwok ɗinsu ba za su kwana a hannun baƙo ba, ga kuma kuɗin wata-wata da ake biya da dala wanda babu mai son sa hannu a kai. Ita Zabbix kyauta ce. Alexei Vladishev ne ya fito da ita a 2001, kamfaninta kuma yana Riga, babban birnin Latbiya. Suna sayar da tallafi ga mai so, mu dai ba mu saya ba, don haka in ta rikice wayata ce ke ƙara.

Gadon aikin na yi. Wanda ya kafa ta ya bar kamfanin kafin zuwana, tsohuwar sabar kuma ta fara nishi. Umarnin da aka ba ni shi ne in kwashe komai zuwa sabuwar saba mai Rocky Linux 8 da rumbun bayanai na MariaDB da Zabbix 6.0, wadda ta fito a Fabrairun 2022, in kuma bar saitin yadda na same shi har sai an ga ta zauna da gindinta.

Tun kafin in sauke manhajar netwok ɗin kamfani ya fara nuna mini halinsa. Umarnin dnf, wanda ake sauke manhaja da shi, ya tsaya cak, domin babu sabar da ke fita intanet kai tsaye sai ta furoksin kamfani, wato sabar da ke tsakaninmu da intanet. Na rubuta adireshin furoksin a /etc/dnf/dnf.conf, sai ƙorafin ya koma na satifiket. Furoksin namu yana buɗe duk saƙon da ke rufe ya duba cikinsa, sannan ya sake rufe shi da satifiket ɗin kamfani. Kwamfutocin ma'aikata duk an riga an gaya musu su yarda da wannan satifiket, sabuwar sabar Linux kuwa ba ta san shi ba. Na karɓo fayil ɗin, na ajiye shi a /etc/pki/ca-trust/source/anchors, na buga update-ca-trust, aka wuce wurin.

Da shafin Zabbix ya buɗe sai ga saƙon nan da duk mai harka da ita ya sani: "Zabbix server is not running: the information displayed may not be current." Alhali systemctl yana cewa tana aiki, ss -lntp kuma ya nuna tana sauraro a ƙofa ta 10051. Abin da saƙon ke nufi a zahiri shi ne shafin PHP ya ƙwanƙwasa wannan ƙofa bai samu shiga ba, kuma hakan ba daidai yake da mutuwar saba ba. A /var/log/audit/audit.log na tarar da layin da SELinux, mai gadin tsaro na cikin Linux, ya rubuta: denied, name_connect, dest=10051. Umarni ɗaya ya warware shi, setsebool -P httpd_can_connect_zabbix on. Za ka ji mutane da yawa suna cewa kawai a kashe SELinux a huta. Sabar da ke riƙe da kalmar sirrin kowane suwic a kamfani ba ita ce zan cire wa mai gadi ba don in tsira da minti goma.

Daga nan sai alamar ZBX ta koma ja a kan dukkan sabobin rassa, na babban ofis kuwa kore shar. Saƙon da ke ƙarƙashin jan yana cewa ejan, wato ƙaramar manhajar da ke kan kowace saba tana amsa tambayoyin Zabbix, ya mayar da amsa fanko, ana zaton ya yanke hulɗa saboda rashin izini. Na gwada daga kan sabar da kanta, zabbix_get -s da adireshin sabar reshe -k agent.ping. In lafiya lau ne lamba 1 za ta fito. Ba ta fito ba.

Na je wajen mai kula da fayawol. Ya buɗe nasa allon, ya nuna mini ƙofa ta 10050, inda ejan ke sauraro, a buɗe, fakiti na shiga suna fita.

"Injiniya, ka ga dai nawa ɓangaren lafiya ƙalau. Ka koma ka duba kayanka."

Gaskiyarsa ce ta wani gefen, domin haɗuwar tana yiwuwa, ejan ne ke rufe ƙofa bayan ya ga fuskar baƙon. Na shiga ɗaya daga sabobin reshe na karanta zabbix_agentd.log. Nan ejan ya rubuta adireshin da ya ƙi karɓa da kuma jerin waɗanda aka ba shi izini a layin Server=. Adireshin da ya ƙi ba na sabar Zabbix ba ne, na fayawol ne. An ajiye sabuwar sabar a wani sashe na netwok da wata tsohuwar dokar NAT ta rufe, duk abin da ya fita daga sashen zuwa rassa sai fayawol ya cire masa adireshinsa ya manna nasa. Hanya biyu ce a gabana. Mai sauƙin ita ce in ƙara adireshin fayawol a Server= na kowane ejan, amma yin haka na nufin duk kwamfutar da ke wannan sashe za ta iya yi wa sabobin rassa tambaya su amsa. Na ɗauki hoton layin log ɗin na koma wajen mutumina, na ce, "Malam, duba mini wannan adireshin, na waye?" Ya yi shiru yana kallo, sannan ya miƙo mini fom ɗin neman canji. Sai da aka sa hannu a wurare uku kafin a cire sabar daga dokar.

Suwic-suwic ma sun yi nasu. SNMP, hanyar da Zabbix ke yi wa suwic tambaya, yana tafiya ne a kan UDP, ƙofa ta 161, kuma yana da wani hali mai cin rai: in ka ba shi kalmar shiga da ba daidai ba, ko adireshinka ba ya cikin waɗanda na'urar ta yarda da su, ba zai ce maka ka yi kuskure ba. Shiru zai yi. snmpwalk zai jira ya gaji ya ce "Timeout: No Response", daidai da abin da zai faɗa in na'urar a kashe take. Kowane suwic yana ɗauke da jerin izini mai adireshin tsohuwar saba kaɗai, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata saba guda da log ya yi ta maimaita "host not found" a kanta, ashe sunan da ke layin Hostname= ya fara da ƙaramin baƙi, wanda ke shafin Zabbix kuma da babba.

Faɗakarwarmu ta Telegram take zuwa, ita ma ta ƙi fita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne in na buga curl zuwa api.telegram.org daga kan sabar, amsa na dawowa nan take. Dalili kuwa asusuna yana ɗauke da https_proxy tun daga lokacin shiga, ita kuma Zabbix systemd ne ke tayar da ita a ƙarƙashin asusun zabbix, wanda bai san da wani furoksi ba. Da na sake gwajin da sudo -u zabbix a gaba, curl ya maƙale kamar yadda manhajar ke maƙalewa. Na ƙara HTTPProxy a saitin Telegram ɗin, saƙo ya fara shiga waya. Tun daga ranar duk gwajin da zan yi a kan sabar nan da sunan zabbix nake yinsa.

Waɗannan duk na share fage ne. Wanda ya ci mini lokaci shi ne giɓi.

Giraf ɗin da ya kamata ya zama layi ɗaya a miƙe sai ya riƙa tsinkewa, ɗigo nan, ɗigo can, tsakani babu komai. Ba na reshe ɗaya ba, har na sabar da ke kan rak ɗaya da Zabbix, wadda waya ɗaya ce tsakaninsu. Abin yakan zo ya yi rabin awa ko fiye, ya tafi da kansa. A cikin wannan lokaci faɗakarwar ƙarya ke ta zuba, wai ba a ji ɗuriyar saba kaza ba, alhali ma'aikata na kanta suna aiki. Abokan aiki suka ce ai tun a tsohuwar saba haka take yi, shi ya sa ma aka ce ta tsufa. Wato an sayi sabuwar saba ne don maganin ciwon da ba na saba ba.

Na fara da inda kowa zai fara. Injin sabar yana hutawa, ƙwaƙwalwa da saura mai yawa, diski ba ya wahala, MariaDB ba ta da tambayar da ta daɗe. Sai na buɗe shafin Queue a ƙarƙashin Administration, wanda ke nuna awon da lokacinsu ya yi ba a ɗauko su ba, an kasa su gida-gida: daƙiƙa 5, 10, 30, minti 1, minti 5, da sama da minti 10. A lokacin lafiya kusan sifili ne ko'ina. Na bar shafin a buɗe a gefe ina wani aikin. Da giɓin ya zo, sai na ga lambobi suna tsallakawa daga gida zuwa gida har na ƙarshe ya cika, kuma layukan Zabbix agent da SNMP agent ne kaɗai suka kumbura. Sabobin da ejan ɗinsu ke turo bayani da kansa ta ƙofa ta 10051 babu abin da ya same su, giraf ɗinsu a miƙe. Wannan ya rage mini fili sosai. Matsalar tana wajen masu fita su ɗauko ne.

A Zabbix 6.0 masu wannan aiki su ake kira poller, kuma in ba ka taɓa StartPollers ba guda 5 ne. Kowannensu tambaya yake aikawa ya tsaya sai amsa ta zo ko lokacin jira ya ƙare, sannan ya ɗauki ta gaba. Zabbix tana auna kanta, kuma giraf ɗin zabbix[process,poller,avg,busy] ya nuna suna manne da kashi 100 daidai lokutan giɓin. Akwai wata hanyar gani da ido da nake so: ps ax | grep poller. Kowane poller yana rubuta abin da yake ciki a jikin sunansa. Da lafiya za ka ga "got 12 values in 0.03 sec, idle 1 sec", lambobin na canzawa duk sanda ka sake bugawa. A lokacin giɓi na buga, na sake bugawa, na sake, duka biyar suna kan "getting values", babu wanda ya motsa.

To wa suke jira? zabbix_server.log ya faɗa, da zarar na san abin da nake nema. Layuka iri biyu ne ke bin juna: "first network error, wait for 15 seconds", sai can "resuming SNMP agent checks", "connection restored", sai kuma a koma na farko. Na tace sunayen na'urorin da ke cikin waɗannan layuka, kusan duka na reshe ɗaya ne, wanda ba faiba ce ta haɗa mu da shi ba, rediyo ne a kan dogon ƙarfe.

Sai da na zauna na fahimci yadda Zabbix ke mu'amala da na'urar da ba ta amsawa kafin lissafin ya fito. In tambaya ta faɗi, takan ɗauke na'urar daga hannun poller na yau da kullum ta miƙa wa wani na daban mai kula da waɗanda ba a samu ba, shi kuma guda 1 ne tak in ba a ƙara ba. Zai sake gwadawa bayan daƙiƙa 15. In aka kai daƙiƙa 45 babu amsa, sai a rubuta na'urar a matsayin wadda ba ta nan, a koma leƙa ta sau ɗaya a minti. Tsari ne mai kyau ga na'urar da ta mutu murus, domin an kawar da ita daga hanya. Wadda ke tsakanin rai da mutuwa ita ce masifa. Ta amsa sau ɗaya, a ce ta dawo, a mayar da ita babban layi da dukkan tambayoyinta da suka taru, ta sake yin shiru, poller ya tsaya jira. Reshen nan yana da na'urori da dama a bayan rediyon, kowacce tana wannan rawa a nata lokacin.

Sannan na buɗe zabbix_server.conf da na kwaso daga tsohuwar saba, na ga Timeout=30. Talatin ita ce iyakar abin da manhajar ke yarda da shi, asalin saitin kuwa 3 ne. Ga SNMP ma takan sake gwadawa aƙalla sau ɗaya, don haka jiran yana iya ninkawa. Kamar mai shago ne da yara biyar na aike, ya ce wa kowanne in ka yi sallama ba a amsa ba ka tsaya a ƙofar gidan har rabin minti. In gidajen da ba a amsawa suka kai biyar a lokaci guda, babu yaron da ya rage da zai kai saƙo ko maƙwabta. Poller biyar masu jiran daƙiƙa 30 tambaya goma kacal za su iya yi a minti, mu kuwa abin da muke bukata a daƙiƙa ɗaya ya fi haka.

Saura sanin abin da ke sa rediyon rawa. Na kira mai kula da reshen na ce don Allah duk sanda aka ɗauke wuta ya turo mini saƙo, haka in an kawo. Na jera saƙonninsa kusa da giraf ɗin poller, suka hau kan juna. In an ɗauke wuta, kayan rediyon suna komawa kan inbata mai batiran da suka gaji. Ba sa mutuwa gaba ɗaya, sai dai su yi ta tashi suna faɗuwa, ping yana nuna fakiti suna zubewa a hanya. Ɗauke wuta a wani gari shi ke tsinka giraf ɗin sabar da ke gabana.

Ban taɓa Timeout ba sai da na gano dalilin da ya sa aka kai shi 30, domin wanda ya yi ba mahaukaci ba ne. Akwai wani ɗan rubutun umarni da ke ƙirga takardun kuɗin da suka maƙale a rumbun bayanan sashen lissafi, yana ɗaukar kusan daƙiƙa ashirin kafin ya gama. Don a ba shi lokaci aka buɗe wa kowa. A 6.0 lambar guda ɗaya ce ga dukkan tambayoyi. Na cire wannan awo daga hannun poller, na sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci a Linux, ya riƙa gudanar da rubutun a kan sabar lissafin, in ya gama ya tura sakamakon da zabbix_sender. Ya ɗauki minti ɗaya ma in ya ga dama, ba wanda ke tsaye yana jiransa. Sannan na mayar da Timeout zuwa 4, na ƙara StartPollers zuwa 20, StartPollersUnreachable zuwa 5. Ɗauke wutar da ta biyo baya, poller sun ɗan tashi sun sauka, giraf ɗin babban ofis bai ko girgiza ba.

Na san da yawa za su tsaya a ƙara yawan poller kawai, kuma zai rufe ciwon na ɗan lokaci. Amma in jiran yana nan a 30, ranar da rassa biyu suka rasa wuta tare za a koma gidan jiya. Masu Zabbix da kansu sun canza wannan gini a 7.0 da ta fito a Yunin 2024: poller na ejan da na SNMP ba sa tsayawa jiran amsa ɗaya, kowanne na iya riƙe tambaya har 1000 a lokaci guda, kuma ana iya ba kowane awo nasa lokacin jira.

Shi kansa reshen har yanzu giraf ɗinsa da giɓi, tunda hanyar zuwa gare shi ce ke yankewa. Maganin wannan shi ne furoksin Zabbix, wanda ba shi da alaƙa da furoksin intanet na kamfani sai suna. Ƙaramar manhaja ce da ake ajiyewa a cikin reshen, ita ke yi wa na'urorin wurin tambaya ta waya, ta tara amsoshi a rumbunta na SQLite, ta tura wa babbar saba in hanya ta samu. Na sa ta a yanayin da ita ke kiran saba, don haka ƙofa ɗaya kawai na nema a fayawol, 10051 daga reshe zuwa babban ofis. ProxyOfflineBuffer yana zuwa da awa 1, wato bayanin da ya wuce awa ɗaya ba a tura ba za a zubar. Wanda ya zaɓi wannan lamba bai san irin ɗauke wutarmu ba. Na mayar da shi 48.

Wata tsohuwar kwamfutar tebur muka samu a sito muka ɗora furoksin a kai, ita kuma ta zo da nata salon. Bayan wata doguwar ɗauke wuta, log ya nuna furoksi na turo bayani, saba na karɓa, amma giraf fanko. Na ja giraf ɗin baya sosai, sai ga bayanan can a wata shekara da ta wuce tuntuni. Ƙaramin batirin CR2032 da ke riƙe agogon kwamfutar ya mutu, duk sanda ta mutu ta tashi sai agogo ya koma wata tsohuwar rana. Tun daga 4.0 sabar Zabbix ta daina gyara lokacin da furoksi ya manna wa bayani, abin da aka ba ta shi take rubutawa. Da chrony, mai daidaita agogo a Linux, ya samu hanya da ya gyara agogon da kansa, amma chronyc sources ya nuna alamar tambaya a gaban kowane layi, Reach kuma sifili, domin yana neman sabobin lokaci na intanet ta UDP 123, fayawol kuma ba ya barin wannan ya fita. Na juya shi zuwa sabar cikin gida da kwamfutocin Windows ke karɓar lokaci daga gare ta, na tabbatar makestep yana nan don ya iya tsallaka babban bambanci a tashin farko, aka sayo batiri a kasuwa, na kuma saita BIOS ta riƙa kunna kanta in wuta ta dawo. Haka nan na ƙara awon da ke kwatanta agogon kowace saba da na Zabbix.

Giɓi ɗaya ya rage, kuma shi ba ruwansa da wuta. Giraf ɗin babbar wayar da ta haɗa suwic na tsakiya da ɗakin saba yana tsinkewa ne da dare, lokacin da ake kwafe bayanan ajiya, kuma ko a inda bai tsinke ba lambar da yake nunawa ta yi ƙasa da abin da hankali zai ɗauka. An saita wannan suwic ne da SNMPv1, ana karanta ifInOctets. Wannan ma'auni mai bit 32 ne, yana ƙirga bayit har 4,294,967,295 sannan ya koma sifili. A wayar gigabit da ta cika, daƙiƙa 34 ke nan. A ta megabit 100 kuwa minti biyar da daƙiƙa arba'in da 'yan kai. Mu muna karantawa duk minti ɗaya, wato ma'aunin yana iya zagayowa sau ɗaya ko biyu tsakanin karatu da karatu. In sabon karatu ya gaza na baya, Zabbix takan jefar da shi, ga giɓi. In kuma ya zagayo ya ɗan wuce na baya, sai ta lissafa ɗan bambancin a matsayin duk abin da ya wuce, ga lambar ƙarya. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, tunda giɓi ana ganinsa, ƙaramar lamba kuwa sai a yarda da ita a ce waya tana da sauran wuri. Maganin shi ne ifHCInOctets mai bit 64, wanda SNMPv1 ba ya iya ɗauka sam. Na mayar da suwic ɗin SNMPv3, na canza samfurin awon. Daren farko giraf ya nuna wayar tana cika maƙil har kusan asuba.

Ana cikin haka shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya juyo mini da ita.

"Dubi nan. Jiya da dare saƙo nawa ke nan? Uwargida ta ce ko dai in kashe wayar ko in koma falo."

Na ce, "Yallaɓai, ku yi haƙuri, rauta ɗaya ce ta faɗi. Sauran duk 'yan rakiya ne."

In rautar reshe ta faɗi, duk abin da ke bayanta zai daina amsawa, kowanne kuma da nasa saƙon, in ta dawo a sake wani zagayen. Zabbix tana da hanyar ɗaure faɗakarwa a jikin wata: ka ce ta suwic da ta saba da ta firinta duk suna ƙarƙashin ta rauta, in ta rauta tana kunne sauran su yi shiru. Aiki ne na zama a bi ɗaya-ɗaya, kuma yana tilasta maka sanin wace na'ura ce a bayan wace, abin da na tarar babu takardar da ta rubuta shi daidai. Na kuma jinkirta tura saƙo da 'yan mintuna, domin tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta suwic ɗin da ba shi da UPS zai mutu ya dawo, kuma babu amfanin tayar da mutum daga barci a kan abin da ya gyara kansa kafin ya lalubo wayarsa. Yallaɓai yanzu manyan kawai ke isa gare shi, su ma sai an yi rabin awa ba wanda ya karɓa.

Diski na duba a ƙarshe. Awo da yawa suna ajiye ɗanyen bayani na kwana 90, teburin history_uint shi ya cinye yawancin wurin. Na rage zuwa kwana 14 ga yawancinsu, na bar taƙaitaccen bayanin awa-awa na shekara guda, wanda shi ake buɗewa in ana maganar kasafi. Mai sharar Zabbix yana zagayowa duk awa yana goge tsofaffi kaɗan-kaɗan, amma fayil ɗin InnoDB, inda MariaDB ke ajiye teburin, ba ya raguwa don an goge layuka, sai dai ya sake amfani da gurbin. Don haka lambar cikar diski da umarnin df ke nunawa ba ta sauka ba, ta dai daina hawa.

Batiran inbatan reshen nan har yau ba a canza su ba, takardar tana sashen saye-saye, na haɗa mata da giraf ɗin ping na wata guda. Na kuma cika fom na neman ƙofa ta 10051 ga sauran rassan, domin kowanne zan sa masa nasa furoksin kafin mu taɓa maganar hawa 7.0, kuma an ce sai mai sa hannu na uku ya dawo daga hutu.